Wasiƙa zuwa ga samarin Gobir masu kaɗa jitar bas

 Ina gaishe ku da aiki, ina kuma gaishe ku da haƙurin zaman wannan ƙasa tamu, tun daga Burkusuma har Sabon Birni, Gatawa da Isa, da waɗanda gudun hijira ya tsallakar da su Gidan Runji da Maraɗi.

Wani yaro ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na gan shi a wajen wani biki bayan ƙaramar salla, rataye da jitar bas ja wur mai tsirkiya biyar, tana ƙyalli kamar sabuwar langa. Ya jona ta da wani ɗan amfi na ƙaramar jita wanda bai fi akwatin rediyo ba. Da ya taɓa babbar tsirkiya sai ka ji kamar kwaɗo ya faɗa tulu. Na tambaye shi, ashe duk kuɗin da ya samu a noman rani ya zuba a kan jitar, bai rage ko na waya mai kyau ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ban yi masa dariya ba, don ni ma haka na fara a Maraɗi, zamanin da Sa'adu Bori ke tashe, wajejen 1994 da suka fitar da faifan Niamey Twice shi da Musa Fusi. A bayan taro nake tsayawa, idona a kan yatsun mai bas, ina zaton sirrin yana cikin tsadar jitar.

Ku fara sanin aikinku tukuna. Mu nan kunnenmu da kotso ya tashi. Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ba shi kaɗai yake tsayawa a gaban sarki ba, akwai masu kotso da 'yan amshi a bayansa. Yau wa ke iya lissafa sunayensu? Amma da ɗayansu zai saɓa kiɗa sau ɗaya, da duk fada ta waiga. To mai bas a wannan sahu yake. Idan an tashi biki ana yabon muryar mawaƙi, mata suna cewa rawa ta yi daɗi, babu wanda ya ambace ka, ka yi aikinka ke nan. Ku saurari Eyadou Ag Leche na ƙungiyar Tinariwen, ko samarin Etran de l'Aïr na Agadas, waɗanda da kiɗan biki suka tashi tun 1995. Mai bas zai riƙe ɗan zagaye ɗaya na tsawon waƙa, bai gaji ba, bai ƙawata ba, jitar gaba tana ta shawagi a kansa. Mu kuwa sai yaro ya ga bidiyon wani Ba'amurke yana marin tsirkiya da babban yatsa, ya zo ya cika wa amarya fili da tas-tas, masu rawa su rasa inda za su sa ƙafa.

Abin da na fi so ku yi, kuma ba ya cin ko sisi, shi ne ku je ku zauna wurin mai kalangu. Kalangu magana yake yi, yana hawa yana sauka yadda kalmar Hausa ke hawa da sauka. Idan mawaƙi ya sauke murya a ƙarshen ɗango kai kuma ka haye sama, kun yi karo, ko da na'urar saiti ta ce tsirkiyarka daidai take. Wata uku na yi ina bin wani tsohon makaɗin mahauta kasuwa-kasuwa ina riƙe masa kuntuku, kuma abin da na samu a wurinsa ya fi duk abin da na kwaikwaya a kaset.

Tsirkiya huɗu ta ishe ku. Da huɗu Leo Fender ya fitar da bas ɗinsa ta farko a 1951, kuma yawancin waƙoƙin da kuke so da huɗun aka kaɗa su. In za ku saya a Sabon Garin Kano ko kasuwar Maraɗi, ta hannu ba abin kunya ba ce. Ku ɗaga ta ku leƙa wuyanta daga ƙasa yadda ake duba miƙewar sanda. In ya murɗe gefe, ku ajiye ko kyauta ce. Ku danne babbar tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe, ratar da za ta rage a tsakiya kada ta wuce kaurin katin waya. Ku murɗa kowane maɓalli ku ji ko yana ƙarar yashi. Sannan ku tambaya ko mai batir ce. Masu batir suna da murya mai kaifi, amma ɗan batir ne mai bolt 9, kuma muddin waya tana soke a jikin jitar yana ci ko ba a kaɗawa. Ranar da zai mutu a tsakiyar kamu, a wane shagon Burkusuma za ka same shi? Ni dai marar batir nake ba ku shawara.

Hunturu abokin gabar itace ne. Wuyan jita yana bushewa ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, tsirkiya ta fara zuza. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa ko a sassauta da ɗan makulli. Rubu'in juyi kawai, sai ka bar ta ta kwana ka sake dubawa. Na taɓa yin gaggawa na murɗa har na ji ƙas, wannan jitar yanzu yara ke wasan mota da ita. Da bazara kuma kada a jingine ta a ɗakin kwano ko a bar ta a rana. Tsirkiya tana da tsada, saboda haka a goge ta da tsumma bayan kowane wasa. In ta dushe, a tafasa ta cikin ruwa kamar minti goma sha biyar, a shanya ta bushe sarai, za ta farfaɗo sau ɗaya ko biyu. Ku dai nemi tukunyarku daban, don uwargidana har yau ba ta yafe mini ta miyarta ba. Kuma dushewar ba kullum take aibi ba: James Jamerson na kamfanin Motown a Amurka shekaru yake yi bai canza tsirkiya ba, da wannan dusasshiyar murya ya yi suna.

Inda kuɗinku ya kamata ya tafi shi ne amfi da sifika. Babbar tsirkiya tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, sauti ne da ƙirji ke ji kafin kunne, kuma tura iska mai wannan nauyi sai da ƙarfi. Amfi mai wat 30 zai iya cika fili da ƙaramar jita, amma bas a filin Allah tana son wat 200 zuwa 300 da sifika mai faɗin inci 15. Lasifikar ƙaho irin ta masu tallar magani ba ta san bas ba sam, in ka matsa mata ma ƙonewa za ta yi. Ku koyi karanta lambar om da ke bayan akwati: sifika biyu masu om 8 in an haɗa su gefe da gefe sun koma 4, yawancin amfi suna ɗauka. Biyu masu 4 sun koma 2, nan ne ake jin ƙauri. Wata dabara kuma ta kyauta: kada ka ɗora akwatin bas a kan kujera a tsakiyar fili. Ajiye shi a ƙasa, bayansa kusa da katangar gida, katangar za ta ƙara maka kauri.

Sai wuta. Ƙaramin janareton da ake kawowa gidan biki bai kai wat dubu ba, kuma a kansa ƙwan fitila yake, da cajin wayar 'yan biki, wani lokaci har firjin ƙanƙara. A tada inji ya daidaita kafin ka kunna amfi, ka kuma kashe amfi kafin a kashe inji ko mai ya ƙare, don lokacin da yake shaƙewa yana tari ne wuta ke hawa da sauka. Sitabilaiza ta fi sabuwar jita amfani. A wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, muna tsakiyar waƙar uwar ango aka zare firji daga layinmu, inji ya yi kuka ya zabura, amfina ya yi hayaƙi. Da tafi da ƙwarya muka ƙarasa, kuɗin wasan kuma bai kai rabin kuɗin gyara ba.

Wannan asarar dukiya ce, akwai ta rai. Tsirkiyarka a haɗe take da jikin amfi. In waya ta lalace a wani wuri, hannunka yana kan tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo, kai ne ka zama hanyar wuta. Haka ta kashe Leslie Harvey, wani makaɗin jita, a kan dandamali a garin Suwansi na Birtaniya a 1972. Ɗan sukudireban testa ba shi da tsada, ku taɓa shi a jikin makirfo da tsirkiya kafin a fara. Da damina kada wanda ya kaɗa ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Waya kuwa biyu ake tafiya da ita, a kuma koyi liƙe kanta da dalma a wurin mai gyaran rediyo, aikin yini ɗaya ne.

Maganar kuɗi a gama ta kafin a ɗaura kaya a babur. A karɓi kafin alƙalami, a san wa zai sayi man inji, wa zai biya ɗan kabu-kabu. In wasan a tsallaken iyaka ne a faɗa ƙarara, naira ce ko sefa, don jaka goma ta can da dubu goma ta nan ba ɗaya ba ne. Liƙi a goshin mawaƙi yake sauka, mai bas yana can baya kusa da inji yana shan hayaƙi, saboda haka a yanke rabon kowa tun a gida. Ku kuma san cewa kuna da kishiya: yaro ɗaya da fiyanon Yamaha yana fitar da bas da ganga da hannun hagu, mai dije kuma da filashi kawai yake zuwa, kuma sun fi ku araha. Abin da kuka fi su shi ne ido. In gwaggon amarya ta shigo fili da nauyin jikinta, kai kana iya jan kiɗan ya jira ƙafarta, filashi ba ya iyawa. In kun isa gari ku fara gaida maigari, in an kira salla a kashe komai. Wanda kuma sai ya haɗiyi ƙwaya yake iya tsayuwa, ku sallame shi, don mai bas da ke gudu shi ke kada kowa.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Kun san abin da 'yan bindiga suka yi wa matafiya kusa da Gidan Bawa a watan Disamban 2021, kun san yadda aka rasa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a watan Agustan 2024. Ba sai na ƙara ba. Sautin bas ya fi kowane sauti tafiya. Muryar mawaƙi tana mutuwa a bayan gari, amma dum-dum ɗinka yana ratsa gonaki da dare ya kai kunnen wanda ba a gayyata ba, ya gaya masa cewa ga taro, ga kuɗi, ga mata da zinari. Mu da muke kaɗawa har asuba mun ga zamaninmu. Ku kuwa, a fara bayan azahar, a naɗe waya kafin magariba, a kuma rage maɓallin kauri ko da samari sun yi ƙorafi. Kada a sa ranar wasa da sunan gari a TikTok sai an dawo.

Jakar bas kuma doguwa ce baƙa, tsawonta ya haura mita, ga ta a bayan mutum a kan babur. Ku tuna yadda take kama da bindiga a idon soja ko ɗan sa-kai da ke tsaye a shinge da yamma. Tun daga nesa a rage gudu, a zuge jakar kan jitar ya fito fili, hannuwa a inda ake ganinsu. Ni tawa jakar na ba tela ya ɗinke ta da atamfa mai furanni, abokaina suna ta yi mini tsiya.

Yaron nan mai jar jita, in wannan takarda ta iso gare ka, akwai tsohon akwatin sifika mai inci 15 a zaurena, takardarsa ta ɗan tsage amma na liƙe ta. Ka zo da babur da igiya ka ɗauka, ka taho da wayarka in nuna maka yadda ake liƙin dalma.

Ku gaida iyayenku. Allah ya ba mu zaman lafiya.

Naku,
yayanku, wani tsohon mai bas