Dakarun sa-kai na jiha: aikinsu ya wuce riƙon bindiga

A ƙarshen watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta sheƙa wa birnin Houston ruwan da ya shanye unguwanni, tituna suka koma koguna. Cikin waɗanda suka fito agaji har da wasu masu kaki da ba sa cikin sojojin Amurka. Dakarun jihar Texas ne: ma'aikatan jinya, malaman makaranta, 'yan kasuwa da tsofaffin sojoji. Su suka kula da matsugunan wucin gadi, suka yi rajistar mutanen da aka kwaso daga gidajensu don kada iyali su ɓace wa juna, suka raba ruwa da abinci. Da ruwa ya janye, kowa ya ninke kakinsa ya koma bakin sana'arsa.

Buƙata ce ta haifi irin wannan runduna. Kowace jiha a Amurka tana da dakarun National Guard, amma su bayin iyayen gida biyu ne: gwamna na ba su umarni, shugaban ƙasa kuma na iya kwashe su zuwa fagen daga a ƙetare. Haka ta faru a 1917, sai jihar New York ta kafa tata rundunar don gadin hanyoyin ruwan shan birnin. A 1940 majalisar dokokin tarayya ta sake buɗe wa jihohi wannan ƙofa, Texas ta kafa tata a 1941. Yau jihohi kusan 20 ne ke da su. Doka ta fayyace komai: gwamna ne kwamanda, jiha ke biyan kuɗi, kuma ba a haɗe rundunar cikin sojojin tarayya. Yawancin dakarun kan je atisaye sau ɗaya a wata ba tare da albashi ba, sai in gwamna ya kira su aiki ake ba su alawus.

Abin da zai ba mai karatu a Gusau ko Katsina mamaki shi ne, akasarin ayyukansu ba na bindiga ba ne. Bayan guguwar Katrina a 2005, jihar Maryland ta tura likitoci da ma'aikatan jinya ƙarƙashin rundunarta zuwa Louisiana, suka buɗe ɗakunan shan magani inda asibitoci suka durƙushe. A California suna taya yaƙi da gobarar daji. Wasu jihohin ma sun tanadi sashe na masana kwamfuta.

Su ma can sun sha tuntuɓe. A 1987 gwamnan Utah ya kori kusan dukkan dakarun jiharsa bayan bincike ya gano tsofaffin masu laifi da masu aƙidar wariyar launin fata sun cika rundunar. A Florida kuwa, Gwamna Ron DeSantis ya farfaɗo da tasu a 2022 da sunan agajin gaggawa, daga baya wasu da suka shiga suka fice suna ƙorafin an karkata horon zuwa na yaƙi, aka kuma tura wani rukuni bakin iyakar Texas da Mexico. Duk rundunar da take hannun mutum ɗaya, dole a sa mata ido, a Amurka take ko a Najeriya.

Nan gida jihohi sun riga sun kama wannan hanya, sai dai ta wata ƙofa suka shigo. A 2013 matasan Maiduguri suka ɗauki gora da adda suka taya sojoji zaƙulo 'yan Boko Haram unguwa-unguwa, da yawansu sun bar marayu. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma na Katsina, a Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya fito da Askarawan Zamfara, Sakkwato ta bi sahu. Babu mai hankalin da zai ce wa mutumin Batsari ko Zurmi ya kwaikwayi Texas ya ajiye makami. Ɗan sa-kai na Houston bai taɓa kwana a bakin gari yana jiran ɓarayin daji bisa babura ba. Amma Arewa ta ga illar sa-kai marar linzami, lokacin da ake kama mutum a kasuwa a kashe don kawai Bafulatani ne, ramuwar gayya kuma ta faɗa kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba. Ga shi sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, lasisin manyan bindigogi kuma yana hannun Abuja. Saboda haka askari na tsaye ne a tsaka mai wuya, kuma yana buƙatar dokar tarayya da za ta faɗi wanda zai tantance shi, wanda zai hukunta shi in ya yi ɓarna, da abin da iyalinsa za su samu in ya kwanta dama.

Akwai kuma gurbin da aka bari fayau. Daren da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shiga unguwar Gwange a Maiduguri, ya shiga kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Sojoji da ma'aikatan agaji sun yi iya ƙoƙarinsu, amma mutane da yawa masu kwalekwale da samarin unguwa ne suka tsamo su, babu rigar ruwa, babu rediyon sadarwa, babu wanda ya san adadinsu. A Mayun 2025 Mokwa ma ta ga nata tashin hankalin na ambaliya.

Gwamnan da ya iya horar da dubban askarawa zai iya buɗe wani reshe marar makami, ya yi wa masunta da direbobi da ma'aikatan jinya da tsofaffin sojoji rajista a kowace ƙaramar hukuma, a riƙa yi musu atisaye wata-wata. Kuɗin bai kai na sayen motocin sintiri ba. Hukumar kula da koguna ta ƙasa tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara tun kafin damina ta kankama, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Daga waɗannan garuruwan ya kamata a fara ɗaukar sunaye.