Ra'ayinmu: A Rubuta Kiɗan Fina-finanmu Tun Kafin Ya Ɓata

Kwanan baya a kasuwar Aboabo na ji wani mai gyaran waya yana fito da kiɗan Sangaya, fim ɗin nan na Kano da Ali Nuhu da Fati Muhammad suka yi. Na tambaye shi ko ya san wanda ya tsara kiɗan. Ya ce a'a. Ni ma da nake tambayar, kunya ta kama ni.

Abin da ke damunmu ke nan. Duk Zangon Tamale mun san 'yan wasa, amma makaɗin da ya zauna gaban fiyanon Yamaha ya haɗa sautin, ba mu riƙe sunansa ba. Kiɗan ma ba a rubuce yake ba. Yana cikin kaset ɗin da rana ta narkar, da faifan da ya karce.

A wasu wuraren ba haka ake yi ba. A Amurka, a 1960, Ferrante da Teicher sun ɗauki kiɗan fim ɗin The Apartment suka mayar da shi na fiyano biyu, ya karɓu ƙwarai. Idan an rubuta kiɗa da alamominsa a takarda, ko bayan shekara ɗari wani zai buɗe ya kaɗa shi daidai.

Kuma wallahi tsarin fiyano biyu kamar don mu aka yi shi. Waƙar fim ɗin Hausa ai ba-ni-in-ba-ka ce: namiji ya yi baiti, mace ta amsa. To fiyano ɗaya ya ɗauki muryar wannan, ɗayan ya mayar masa. Ko kuma ɗaya ya riƙe bugun kalangu, ko na lungar maƙwabtanmu Dagomba, ɗayan ya bi karin waƙar. Ba rawa, ba cakuɗa, sai sauti zalla, wanda ko dattijon da ke ƙyamar rawar fim zai iya zama ya saurara.

Kada wani ya ce wannan aikin Turawa ne. A nan Ghana marigayi Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019, ya rubuta wa fiyano kiɗan da ya samo daga waƙar aiki ta Builsa, mutanen arewacin nan namu. William Chapman Nyaho, shi ma ɗan asalin Ghana, ya daɗe yana kaɗa fiyano biyu tare da Susanna Garcia.

Matsalar kuwa a fili take: fiyano babba tsada gare shi, balle biyu. Amma yaranmu da ke kaɗa ƙaramin na lantarki a wuraren biki suna da kunne, karatun alamomin kawai suka rasa. Muna kira ga Cibiyar Al'adu ta Tamale da jami'ar UDS su buɗe musu aji, ko na ranar Asabar ne.

Sharaɗi ɗaya muke kafawa. Duk wanda zai taɓa kiɗan wani, ya fara nemo mai shi a Kano, ya nemi izini, ya biya, sannan ya rubuta sunansa a saman takardar.