Ɗigon Baƙin Mai Da Belin Tayimin: Ina Hannun Mai Mota Ya Kamata Ya Tsaya?

Duk wanda ya saba sammako a Nima ko Maamobi, idan ya fito daga sallar asuba ya bi gefen titi inda motoci ke kwana, zai ga wani abu da idonmu ya saba da shi har mun daina ganinsa. Da zarar an tayar da mota an gusa, sai ka ga tabon baƙin mai a inda ta kwana. Wani ya zuba yashi a kai, wani kuwa tun da dare ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta kamar mai kwantar da jariri. A but ɗin kusan kowace tasi da kowace motar ɗaukar kaya akwai galan na ciko. Idan ka yi wa mai ita magana sai ya ce da kai, "Ai tsohuwa ce, Alhaji, haka suke."

Yanzu kuma an samu wani sabon yayi. Matasanmu, har da wasu magidanta, sun fara jingine waya a jikin gilashi suna kallon YouTube, suna kwance gaban inji da kansu don su canza belin tayimin su kuma toshe yoyon mai. Ba mu ga laifinsu kai tsaye ba. Tun shekarar 2022, lokacin da darajar sidi ta zube har hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, mutane suka koyi lissafa kowane kwabo kafin su nufi Abossey Okai sayen kayan gyara. Ga kuma ƙorafin da aka daɗe ana yi cewa wasu kanikawa, waɗanda a nan ake kira fita, sukan karɓi kuɗin sabo su sa tsoho. To amma ra'ayinmu shi ne: wajibi ne mai mota ya san injinsa kamar yadda ɗan kasuwa ya san kayan rumfarsa, ya kuma yi ƙananan gyare-gyare da hannunsa, sai dai motar da ke ciyar da iyali ba allon koyon canza belin tayimin ba ce.

Bari mu fara da irin motocin da ke hannunmu. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 nahiyar Afirka suka nufo. Binciken da hukumomin ƙasar Holan suka yi a kan waɗanda ake lodi daga tashoshinsu ya gano cewa yawancinsu sun yi shekara 16 zuwa 20. A shekarar ta 2020 majalisar dokokin Ghana ta yi dokar hana shigo da motar da ta wuce shekara 10 da wadda ta yi mummunan haɗari, amma dillalai suka yi ca, aka jingine aiwatar da ita. Wato dai ko a tashar Tema aka sauke maka, ko 'yar Kwatano ce ka saya a Maradi, abin da talaka ke iya saye mota ce da ta riga ta yi rayuwa guda a hannun wani, ba ta kuma zo da takardar tarihin gyaranta ba. Ga wani tarko da ke kama mutane da yawa: motar da ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Idan agogonta ya nuna 100,000, to ta ci kilomita 160,000 ke nan. Wannan ma idan ba a juya agogon baya ba.

Mene ne aikin wannan bel da ake ta magana? Da yawanmu muna rikita shi da fambel, wanda ake gani da zarar an ɗaga bonet. Fambel idan ya tsinke, batir ya daina caji, a wasu motocin inji ya ɗau zafi, ka tsaya ka sa wani ka wuce. Belin tayimin kuwa a ɓoye yake cikin murfin roba, yana da haƙora, shi ne ke haɗa karanshaf na ƙasa da kamshaf na sama, ta yadda duk juyi biyu na ƙasa na sama zai yi ɗaya. Da wannan lissafi ne bawul ke buɗewa ya rufe daidai lokacin da fistin ya kauce masa. A injuna da yawa, bawul da fistin wuri ɗaya suke ratsawa, lokaci ne kawai ya raba su. Ran da bel ya tsinke, ko ya tsallake haƙora, fistin zai taso ya tarar da bawul a buɗe, ya lanƙwasa shi. Cikin ƙiftawar ido aikin wuni ɗaya ya koma na sauke kan inji, wani lokaci ma na sayen wani injin ɗungurungum. Kuma shi wannan bel ba ya sallama. Mota na tafiya lafiya lau, sai kawai ta mutu.

Masu ƙera motoci sukan sa wa'adin canza shi, galibi tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000 gwargwadon irin injin, ko kuma bayan wasu shekaru ko da motar ba ta yi tafiya ba, domin roba na tsufa. Zafin ƙasashenmu, da ƙura, da cunkoson da mota ke tsayuwa inji na aiki agogo bai ƙirga komai ba, duk suna rage masa kwana.

A nan ne ɗigon man da muka raina ke shigowa. A bayan ƙafafun da bel ɗin ke hawa akwai sil na karanshaf da na kamshaf, sama da su kuma ga gasket na murfin bawul. Idan suka bushe suka fara tsiyaya, man cikin murfin bel yake gangarawa. Baƙin mai kuwa maƙiyin wannan roba ne: yana kumbura ta, ya tausasa haƙoranta har su zube. Saboda haka wanda ke ƙara mai kowace safiya yana ganin ya yi dabara, bai san cewa ɗan hakin da ya raina ne ke shirin tsone masa ido ba. Yoyon gaban inji da belin tayimin ciwo ɗaya ne, kuma tare ake maganinsu.

Abu na farko da ya rataya a wuyan mai mota shi ne ya san ko injinsa bel gare shi ko sarƙa. Toyota Camry mai injin 2.2 bel ce, mai 2.4 da ta biyo bayanta sarƙa ce. Honda Accord mai silinda huɗu bel ce har zuwa ƙirar 2002, daga 2003 ta koma sarƙa, amma mai silinda shida ta ci gaba da bel. Toyota Vitz da Yaris sarƙa ce. Daewoo Matiz, da Hyundai Atos, da Kia Picanto ta farko, waɗanda suka yi wa harkar tasi hidima a Accra, duk bel ne. Tsofaffin Hiace masu shan gas, waɗanda ke jigilar mutane da kaya tsakanin Accra da Aflao, su ma bel ne, har akwai fitilar da ke kamawa a gaban direba idan wa'adi ya cika. Abin takaici, an fi gwanancewa wajen kashe fitilar fiye da canza bel ɗin.

Bayan wannan, akwai aikin da muke ganin kowane mai mota zai iya, kuma ya kamata ya iya. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wanke inji tas, a yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu, sannan a haska tocila a bi sawun man daga ƙasa zuwa sama, domin mai gangarowa yake yi, inda ya fi tsayi nan ne tushen. Sau da yawa abin bai wuce gasket na murfin bawul ba, ko wanki na noti da ake juye da shi, ko filtar mai da ba ta zauna daidai ba, ko ɗan makunnin fitilar mai. Akwai kuma ɗan bawul ɗin da inji ke numfashi ta cikinsa. Idan ya toshe, iska kan taru ta tura mai waje ta kowace kafa, a yi ta canza sil a banza. Duk waɗannan da sifana da haƙuri ana gamawa, kuma idan an yi kuskure asarar ba ta da yawa. A motoci da dama ana iya kwance murfin sama na bel a leƙa: idan an ga tsaga, ko sheƙi, ko danshin mai, to kada a sake ɗora mata kaya sai an gyara. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne cika inji da mai mai kauri don yoyo ya ragu, ko shafe ko'ina da gam. Gam ɗin da ya yi yawa yakan gutsure ya faɗa ciki ya toshe rariyar famfon mai, garin gyaran gira a rasa ido.

Amma canza bel ɗin kansa wani abu ne daban. A yawancin ƙananan motoci sai an cire taya, an tallafe inji daga ƙasa, an kwance kujerar da ke riƙe da shi. Notin karanshaf yana da taurin da sai da ƙarfen riƙewa na musamman, kuma idan an zo mayarwa akwai awon ƙarfin da ake ɗaure shi da shi. Sai an daidaita alamomin sama da na ƙasa, an ja bel daidai, ba sako-sako ba, ba kuma tamau ba. Haƙori ɗaya idan ya goce, mota ta rasa ƙarfi ta kama shan mai. Idan suka yi yawa, inji ya tafi. Wanda ke cikin wayar yana da gareji mai daɓen siminti, da kayan aiki cikakku, da wata motar da zai hau idan wannan ta ƙi. Mu kuwa a lungun Nima muke, inda mota biyu ba sa wuce juna, jak a kan yashi, bulo a matsayin waigi, yara na kai da kawowa. Ba inji kaɗai ke cikin haɗari ba, har da ran wanda ke kwance a ƙarƙashi.

Mun ga yadda ta kaya da wani ɗan uwanmu mai ɗauko atamfa da takalma daga Aflao. Ya canza bel da kansa ranar Lahadi, mota ta tashi, aka yi ta yi masa barka. Sai dai bai taɓa sil ɗin da ke tsiyaya ba, bai kuma canza ƙafar da ke ɗame bel ɗin ba, don a ganinsa lafiyarta ƙalau. Bai cika wata uku ba ta mutu masa da dare bayan ya haye gadar Sogakope, cike da kayan mutane. Kuɗin janwe, da na motar da ta kwashe kayan, da na gyaran kan inji, sun ninka abin da ya yi tattali sau da yawa. Kasuwar Laraba ta Nima ta wuce shi, kuma har yau akwai masu kayan da ba su sake ba shi saƙo ba. Wannan ta ƙarshe ita ce babbar asara, domin ɗan kasuwa da amana yake ci.

Wani zai ce, to ai rashin amanar kanikawan ne ya kai mu ga haka. Gaskiya ne akwai ɓata-gari, amma maganin wannan ilimi ne da tsayuwa a kan aiki. Ka je Abossey Okai da lambar injinka, in a Kumasi kake ka je Suame Magazine, ka sayi kayan da kanka. Kada ka sayi bel na hannu ko da an rantse maka daga sabuwar mota aka ciro shi. Ƙarfe ake saye na hannu, ba roba ba. Ka sayi saitin gaba ɗaya: bel, da ƙafar ɗamewa, da ƙafafun rakiya, da sil biyu, da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi, tunda kuɗin aiki ɗaya ne, kuma duk wanda ya gaza a cikinsu bel ɗin zai kashe. Ka tsaya a yi a gabanka. Ka ce a nuna maka alamomin sun hau. Kafin a sa makulli, ka ce a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku a sake duba alamomin. A ba ka tsofaffin kayan a leda. Sannan a rubuta kwanan wata da adadin kilomita a jikin murfin, kai ma ka rubuta a littafin da kake rubuta bashi. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ɓata rai kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Ga matasan da hannunsu ke ƙaiƙayi, ba mu ce ku bari ba. Sha'awar nan alheri ce, kuma Zango na bukatar kanikawa masu karatu. Amma ku kai ta gareji, ku durƙusa gaban masta a Kokompe ko a nan cikin unguwa, ku koya a kan injin da ke ƙasa, ku haɗa abin da ke cikin waya da abin da ke hannun dattijo. Su kuma kanikawanmu, ku ji tsoron Allah ku riƙa gaya wa mai mota gaskiya tun kafin a kwance, ku daina cewa "zai ƙara kai ka" alhali kun ga mai a jikin bel. Haka nan man juye, a tara shi a jarka. Wanda ake tuttulawa a babban kwatar Nima bai ɓace ba, Odaw yake bi ya faɗa Korle, daga nan sai teku, inda kifin da muke ci yake.

'Yan uwa na Aflao da Paga, da na Jibiya da Illela da Ɗan Isa, duk wanda cikinmu ya sayi motar hannu bai san ranar da aka canza mata bel ba, to ya ɗauka ba a taɓa canzawa ba, ya sa kuɗin cikin kuɗin saye tun kafin ya yi mata fenti ko ya rubuta mata kirari a baya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya tsare mu da tsautsayin hanya, Ya sa albarka a abin hawanmu da kasuwancinmu, amin.