A Daina Kiran Ɗalibai Turin Mota a Laka

 Tun da marka ta sauka akwai abin da ya zama ruwan dare a bakin makarantarmu, wato motocin da suke kafewa a laka, da kuma kiran da ake yi wa ɗalibai su je su tura. Ra'ayinmu shi ne a daina wannan kira, mu kuma mu daina amsa shi. Muna roƙo ku karanta dalilanmu har ƙarshe kafin ku ce mun cika rashin tausayi.

Kowa ya san hanyar da ta biyo ta gaban makarantar nan ba ta da kwalta. Da rani mu sha ƙura, da damina mu sha caɓi. Idan tsakiyar hanyar ta lalace, sai direbobi su sake ta su ratso ta gefen filin ƙwallonmu, tunda babu katanga ta wannan ɓangaren. Abin lura shi ne, masu ƙananan motoci da 'yan adaidaita sahu sukan tsaya su duba, wasu ma su juya. Waɗanda suka fi kafewa su ne masu jif da Hilux da tifa. Mai irin wannan mota yana ganin motarsa tana da tsayi, tana da ƙarfi, wata ma tana ja da tayoyinta huɗu, saboda haka babu inda ba za ta shiga ba. Sai ya danno kai ba tare da ya sauko ya duba ba.

Da yawa a cikinmu mun ga bidiyon 'yan Amurka a wayar yayyenmu, suna hawan wani babur mai ƙafa huɗu suna kutsawa cikin taɓo don wasa. An ƙera baburan nan ne musamman domin daji da laka. Tayoyinsu masu faɗi ne da manyan haƙora, wasu ma an ɗaura musu ƙaramin inji mai naɗe igiya a gaba don su jawo kansu idan sun maƙale. Duk da haka suna kafewa har sai an zo an jawo su. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ma ta daɗe tana gargaɗin kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya tuƙa su. To idan abin da aka yi domin laka yana kafewa a laka, ina ga motar da aka ɗora mata buhun masara ashirin?

Me ya sa mota take kafewa?

Amsar tana cikin darasin kimiyya da ake koya mana. Duk nauyin mota yana sauka ne a kan ɗan wurin da tayoyi suka taɓa ƙasa, kuma a ƙaramar mota wurin bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba a kowace taya. Hilux tana kai nauyin tan 2 tun kafin a sa mata kaya. Idan nauyi mai yawa ya taru a ƙaramin wuri, sai ya nutse. Shi ya sa raƙumi mai faffaɗan tafi yake tafiya a kan rairayi, kuma shi ya sa ake yi wa tarakta manyan tayoyi masu faɗi.

Ƙasa ma iri-iri ce. Jigawa tana shanye ruwa nan da nan. Ƙasar yumɓu irin ta filinmu kuwa riƙe ruwa take yi, samanta ya bushe kamar babu komai, ƙarƙashinta yana nan kamar kunu. Direba ya ga ciyawa kore shar ya ɗauka wuri ne mai ƙarfi, ashe kallon kitse yake yi wa rogo. A jihar Borno, wajen Dikwa da Ngala, akwai wata baƙar ƙasa da ake kira firki. Da rani takan bushe ta tsattsage, da damina kuma sai ta zama danƙo, har manyan motoci su kasa ratsa ta. Mutanen can ba sa jayayya da ita. Sukan jira ruwa ya ja baya, sannan su dasa dawar masakwa a cikin danshin da ta riƙe.

Da zarar mota ta fara kafewa, abin da yawancin direbobi suke yi shi ne su taka totur iya ƙarfinsu. Wannan shi ne yake ƙara ɓata lamarin. Laka takan cika zanen taya ta zama sumul, ta rasa abin kamawa. Duk juyin da ta yi a wuri ɗaya, rami take haƙa wa kanta. Ban da haka, a yawancin motoci ƙarfin inji yana tafiya ne wajen tayar da ta fi sauƙin juyawa. Shi ya sa za ku ga taya ɗaya tana ta wulwulawa tana watsa laka, 'yar uwarta da take kan tudu ko motsi ba ta yi. A ƙarshe cikin motar ya zauna daram a ƙasa. Idan aka kai nan, ko ajinmu gaba ɗaya aka tara ba za mu iya ɗaga ta ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Direbobin da suka san aikinsu ba haka suke yi ba. Suna jin taya ta fara zamewa sai su ɗaga ƙafa, su gwada komawa da baya a kan sawun da suka shigo. In ta ƙi, su sauke mutane da kaya, su kwashe lakar gaban tayoyi da shebur, su shimfiɗa kara ko katako ko rassan itace, su ɗan rage iskar taya don ta ƙara faɗi, sannan su tashi a hankali. In duk wannan bai yi ba, su nemo tarakta ko janwe. A cikin duk matakan nan babu inda ake bukatar ƙirjin yaro ɗan shekara goma sha uku.

Abin da turi yake jawo mana

Mai tura mota a bayanta yake tsayawa, kuma nan ne wuri mafi haɗari. Tayar da take juyawa da gudu tana harba duwatsu da guntayen katako baya, daidai fuskar mai turi. Motar da ta ɗan hau bakin rami tana iya dawowa da baya, wanda kuma yake tsaye a cikin santsi ba zai iya kaucewa da sauri ba. Bakin salansa ma yana wurin, yana fesa hayaƙi mai guba a hancin mutum. Idan an ɗaura igiya wata mota tana ja, igiyar tana iya tsinkewa ta dawo kamar bulala, musamman in akwai ƙugiyar ƙarfe a bakinta. Sannan babu wanda ya san abin da yake ƙarƙashin laka. Akwai fasassun kwalabe da ƙusoshi da gwangwanaye, mu kuma sandal muke sawa, wani ma cire takalmin yake yi don kada laka ta cinye shi. Ƙwayar cutar tetanus, wadda take sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma ta irin wannan rauni take shiga jiki.

Ko da an rabu lafiya, akwai asarar da ba a lissafawa. Yawancinmu yunifom ɗaya gare mu. In ya ɓaci ranar Litinin, sai an nemi sabulu, kuma a cikin marka wanki ba ya bushewa a kwana ɗaya. Washegari ko dai ɗalibi ya sa jiƙaƙƙen kaya, ko ya zauna a gida. 'Yan mata masu farin hijabi ko turin ba su yi ba, wucewa kawai suke yi taya ta watsa musu. Wanda ya tsaya turi yakan iso bayan an gama taron safe, a tsare shi a ƙofa tare da 'yan latti, darasin farko ya wuce shi. Direba kuwa ya miƙo naira ɗari biyu a raba wa mutum goma, ya kama gabansa. Bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma in wani ya ji ciwo ba shi zai kai shi asibiti ba.

Filinmu ma yana shan wahala. Ramukan da tayoyi suke bari sukan bushe su yi tauri, mai gudu da ƙwallo ya saka ƙafa ya gurɗe. Kafin su bushe kuma ruwa yana kwanciya a cikinsu, kuma irin wannan ɗan kwantaccen ruwa da rana take duka shi ne wurin da sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi son yin ƙwai. A lokacin ɗumi, kwana 10 ko ƙasa da haka ya isa ƙwan ya zama sauro mai tashi, ga shi kuma tagogin azuzuwanmu suna kallon filin.

To, shi ke nan mu ƙi taimako?

Mun san wasu za su ce an tarbiyyantar da mu a kan taimakon wanda ya shiga matsala, kuma ba daidai ba ne babba ya kira yaro ya ƙi zuwa. Wannan gaskiya ne. Wani lokaci ma a cikin motar akwai marar lafiya ko mace mai naƙuda da ake gaggawar kaiwa asibiti, kuma babu mai zuciyar da zai wuce ya bar su. Amma taimako hanyoyi ne da shi. Za mu iya ruga wa mu kira manya daga bakin kasuwa ko majalisar unguwa. Za mu iya sanar da malamin da yake bakin ƙofa, ya ba da aron shebur daga kayan aikin gona na makaranta. Za mu iya tattaro kara da rassa mu ajiye, sannan mu ja gefe kafin a tayar da inji. Mafi amfani ma, mu da muke bin hanyar kullum da ƙafa mun san inda yake da ƙarfi da inda yake da rami, saboda haka za mu iya ɗaga wa direba hannu tun bai shiga ba. Manya biyar da shebur biyu sun fi yara ashirin amfani ga marar lafiyar da yake cikin mota.

Idan kuma ruwa ne yake gudu a kan hanya bayan an ɗauke ruwan sama, wannan ya wuce maganar laka. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15 zai iya kayar da babban mutum, santimita 30 zai iya tafiya da ƙaramar mota, santimita 60 kuma zai iya jan jif. Ku dubi doguwar rular da take cikin jakarku, santimita 30 ce. Rabinta kawai ya isa ya kayar da babba, balle mu. A irin wannan hali ko kusa kada mu je.

Roƙonmu

Direbobi, ku yi haƙuri ku riƙa sauka kuna duba wuri da sanda kafin ku shiga, ku riƙa yawo da shebur da katako a mota duk damina, ku kuma bar filinmu ya huta. Zagayen minti goma ta babban titi ya fi kafewar awa uku.

Iyayenmu malamai, muna roƙon a sanar a taron safe cewa babu ɗalibin da aka yarda ya tura mota a lokacin makaranta. Yaro yana jin nauyin ce wa babba a'a, amma idan doka ce sai ya ce, “Baba ka yi haƙuri, an hana mu, bari in kira maka manya.” Wannan zai raba shi da rashin kunya, ya kuma raba shi da haɗari.

Ƙungiyar iyaye da malamai, muna fatan za ku sa ranar Asabar ɗaya a yi aikin gayya tare da mutanen unguwa. A yashe magudanar da leda ta toshe, domin toshewarta ce take sa ruwa ya kwanta a kan hanya. A cike manyan ramuka da marmara da fasasshen bulo. A kafa turaku a gefen fili, a dasa darbejiya a tsakaninsu tun ƙasa tana da danshi, mu kuma kowane aji zai ɗauki nauyin ban ruwan nasa da rani. Muna kuma roƙonku ku kai kokenmu ga ƙaramar hukuma a sa kwalbati a kwarin da ruwa yake tsallake hanya.

'Yan uwa ɗalibai, gobe in an ce “Kai yara, ku zo ku tura!” mu gaishe da mai motar da ladabi, mu kira masa manya, mu wuce aji. Allah ya sa mu ga ƙarshen damina lafiya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, Aji Biyu, Ƙaramar Sakandare