Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil: A Buɗe wa Yaranmu Ɗakin Kwamfuta



Wannan takarda daga Sabon Garin Wudil ta fito, kuma roƙo ɗaya ne tal a cikinta: jami'a ta shiga gaba wajen shirya yaran sakandaren Wudil domin gasannin lissafi da ake yi ta intanet.

Ba a rasa masu kan lissafi a garin nan ba. Duk wanda ya taɓa shiga karar Wudil ranar Juma'a ya ga yaro ɗan shekara goma sha uku tsaye kusa da mahaifinsa, ana sallama sa yana fitar da la'ada, ya cire kuɗin mota zuwa Kudu, ya faɗi abin da ya rage tun kafin mai saye ya gama danna wayarsa. Haka yarinyar da ke taya uwarta sana'a a cikin gida take riƙe bashin mutum goma a ka, ba ta ɓatar da ko kwabo. Ranar Litinin waɗannan yaran ne ke zaune a aji. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne hanyar da za su nuna wa duniya abin da Allah ya ba su, domin hanyar ta koma cikin kwamfuta.

Mai girma Shugaba ya fi kowa sanin yadda aka yi. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, zuwa 2015 ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. WAEC ta bi sahu a 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. Gasar kimiyya ta InterswitchSPAK, wadda aka soma a 2018 kuma lissafi na cikinta, ta intanet take tace ɗalibai a zagayen farko. Hatta babbar gasar lissafi ta duniya, wadda aka fara a Romaniya a 1959, sai da annobar korona ta sa aka yi ta daga nesa a 2020 da 2021: kowace ƙasa ta zaunar da yaranta a gida, kyamara na kallonsu, masu shiryawa na sa ido daga Rasha.

A fuska, wannan sauyi alheri ne ga gari irin Wudil. Da can sai makaranta ta nemi kuɗin mota da masauki kafin ta kai yaro gasa a birni. Yanzu gasar ce ke zuwa har gida. Sai dai tana zuwa da nata sharaɗin, kuma a nan ne ake barin yaranmu a baya.

A dubi yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar gasa. Agogo na gudu a kusurwar allo, shi kuwa yana neman inda zai danna ya wuce tambaya ta gaba. Ya saba ja wa tambaya layi da biro, ya zagaye lambobin da ke cikinta. Yanzu sai ya ɗaga kai ya karanta dogon Turanci a gilashi, ya sunkuya ya yi aiki a takarda, ya sake ɗagowa ya nemi inda ya tsaya. Minti biyu nan, uku can, lokaci ya tafi. Wanda ya ari wayar yayansa kuma, kira ɗaya ya isa ya fitar da shi daga shafin, ballantana a ɗauke wuta caji ya ƙare, ko sabis ya yi ƙasa ana tsakiyar aiki. Tun kafin a kai nan ma akwai rajista: adireshin imel, hoto, lambar sirri, ranar rufewa. Makarantu da yawa ba sa jin labarin gasa sai an sanar da waɗanda suka ci. Idan sakamako ya fito babu ɗan Wudil, sai a ce yaranmu ba su iya lissafi ba, alhali ba lissafin aka gwada su a kai ba.

Abokan karawarsu kuwa da shirinsu suke zuwa. A gasar Cowbellpedia, wadda ta samo asali a 1998 ta koma talabijin a 2015, wata ɗaliba daga Ota ta jihar Ogun, Faith Odunsi, ta amsa tambaya 19 cikin daƙiƙa 60 a 2018. Baiwa ce, babu musu, amma baiwar da aka yi wa horo da agogo a gabanta.

Shi kansa lissafin gasa dabam yake da na jarrabawar ƙarshen zango. A aji, malam ya nuna hanya, yaro ya maimaita. A gasa, tambaya ce za ta zo ba da wata hanya a rataye ba, sai yaro ya nemo da kansa. Ga misali daga gida. Hatimi mai gida tara, wanda kowane almajiri ya san siffarsa: a jera lambobi daga 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Tambayar gasa ba za ta tsaya ga a cike gidajen ba. Cewa za ta yi, wace lamba ce dole ta zauna a tsakiya, kuma don me? Yaron da aka horar zai ce: jimlar lambobin 45 ce, layi uku ne a kwance, ke nan kowanne 15. Layi huɗu ne ke ratsa tsakiya, jimlarsu 60, kuma a cikinsu an ƙirga kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da aka ƙirga sau huɗu. Rarar 15 ɗin nan ninki uku ne na lambar tsakiya, don haka 5 ce, ba makawa. Wannan irin tunani ake nema, kuma koyar da shi ake yi.

Ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan hatimai, kuma har yau masana tarihin lissafi na ambatonsa. Yaron Sabon Gari ya cancanci ya ji sunan nan daga bakin malaminsa, ya san cewa gadonsa ake kira ya karɓa.

To me ake roƙo? Jami'ar nan tun 2001 take ɗaukar ɗalibai, tana da tsangaya sukutum ta kwamfuta da lissafi, tana da ɗakunan kwamfuta, tana da matasa masu karatun lissafi da za su ji daɗin koyarwa. A ware safiyar Asabar, awa uku. Kowace makarantar sakandare a ƙaramar hukumar ta turo yaranta da suka fi hazaƙa tare da malaminsu na lissafi, domin malamin ne zai koma da abin ga sauran aji. Rabin lokacin a yi aiki da alli da takarda kan tsofaffin tambayoyin gasa, irin na Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja, wadda ke zaɓar masu wakiltar Najeriya a gasannin Afirka da na duniya. Sauran rabin a zauna gaban kwamfuta a yi gwaji da agogo kamar ranar gaske, har hannu ya saba, har gaba ya daina faɗuwa. A sa ma'aikaci ɗaya ya riƙa bibiyar ranakun rajista yana sanar da shugabannin makarantu. Ranar gasa kuwa a ba yaran zaure mai wuta da intanet da ba za su yanke ba.

Abu biyu ne mai wannan wasiƙa ke jin tsoron a manta. Na farko 'yan mata. Iyaye za su saki jiki idan ɗalibai mata na jami'a ne ke koyar da 'ya'yansu, kuma an tashi kafin azahar. Na biyu yaran karkara. Wudil ba ta tsaya a bakin gada ba. Akwai Darki, da Utai, da Indabo, da Lajawa, da Achika, inda kuɗin mashin kaɗai ya isa ya zaunar da yaro mai hazaƙa a gida. Motar jami'a ɗaya za ta share wannan hawaye.

Za a ce man janareta da tsada, kuma kayan aiki na lalacewa a hannun yara. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Amma akwai ƙofofin da za a ƙwanƙwasa. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma wannan aiki na cikin abin da dokar ke nufi. Uban jami'ar, Alhaji Aliko Ɗangote, wanda aka sa mata sunansa a 2022, yana da gidauniya da ke taimakon ilimi. Kano ta taɓa gwada irin wannan ta ga amfaninsa: makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977 sun tara yara masu hazaƙa aka ba su kulawa ta musamman, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da ma'aikatun jihar. Abin da ake nema a Wudil bai kai ko kusa da wannan tsada ba. Ita ma jami'ar za ta ci riba, domin yaran da za ta horar yau su ne za su nemi gurbi a tsangayoyinta gobe.

Mai girma Shugaba, Allah ya ƙara girma. A kira shugabannin makarantun sakandaren Wudil zama ɗaya kafin zangon karatu mai zuwa ya kankama, a tsayar da Asabar ɗin farko, ko da yara talatin ne a fara da su.

Wassalam.

Daga wani mazaunin Sabon Gari, Wudil