Ku Ƙyale Kifi, Ku Duba Man Kasko

Makon nan wani bidiyo ya yi ta yawo a wayoyin mutane a nan Ƙofar Gayan, kuma har yanzu raina bai huce ba. Wani matashi ne sanye da farar riga, yana Hausa yana surkawa da Turanci, yana gargaɗin masu hawan jini da masu ƙiba su guji kifi mai kitse, su koma cin wata dabbar teku mai ɓawo biyu da ake kira sikalop, wai ita ce ba ta da maiƙo. Saboda wannan magana wata dattijuwa a unguwarmu ta hana a ƙara sayo mata titus. Baiwar Allah da kifin nan shi ne naman da take samu a mako!

Game da sikalop ɗin bai yi ƙarya ba. A giram 100 na ɗanyen namanta kitse bai kai giram ɗaya ba, sinadarin gina jiki kuwa kusan giram 12 ne, ga bitamin B12. A mazhabarmu ta Malikiyya halal ce kamar sauran dabbobin ruwa. To amma wa ke kasa ta a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada? Masu kamunta da kiwonta suna can Japan da Sin da Amurka da Faransa, mu kuwa tsakaninmu da teku ɗaruruwan kilomita ne. Ga karfasa nan ana kamawa a kogin Galma: giram 100 nata na ɗauke da sinadarin gina jiki kusan giram 20, kitsenta bai cika giram 2 ba. Wato ta ɗara sikalop wajen gina jiki, kuma ga ta a ƙofar gida.

Shi kuwa titus da ake tsorata mutane da shi, gaskiya ne yana da kitse, kusan giram 14 a giram 100. Sai dai kitsen nasa ne ke ɗauke da omega-3, wanda wasu ke zuwa kemis su sayo a kwalba da tsada. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta daɗe tana ba da shawarar a ci kifi sau biyu a mako, musamman irin mai kitsen nan. Wanda likitansa ya ɗora shi a kan wani tsarin abinci ya bi likitansa. Amma a raba tsohuwa da titus saboda bidiyo, wannan cuta ce.

In ana neman maiƙon da ke yi mana illa, a fito bakin titi bayan la'asar a leƙa kasko. Man ya yi baƙi ƙirin, yana kumfa a gefe, hayaƙinsa na yaji a ido tun kafin a jefa kifi. Da shi aka toya ƙosai da safe, da shi aka soya awara da rana, yanzu ga kifi an tsoma. In dare ya yi a juye ragowar a galan, gobe a tsiyaya sabo kaɗan a kai a ci gaba. Babban cokali ɗaya na mai kusan giram 14 ne, daidai da duk kitsen da ke cikin giram 100 na titus. Cokali nawa kifi ke sha kafin ya yi ƙayau ɗin da muke so? Kuma man da aka yi ta ƙonawa ana maimaitawa yana lalacewa, ya haifar da sinadaran da ke cutar da jijiyoyin jini. A cikin gidajenmu ma haka abin yake. A soya kifi tsamo-tsamo, a sake jefa shi cikin miyar da mai ke iyo a samanta, a marmasa dunƙule uku, a ƙara gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini. Mu a kwano ɗaya muke haura shi. In jini ya hau sai a ce kifi ne. Na san mai ya yi tsada, masu tuya kuma abinci suke nema, amma tsada ba ta mayar da ƙonannen mai lafiyayye.

Sai kuma maganar rabon kifin a gida. Tsakiya ta maigida ce, kai na baƙo, yara su tashi da romo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Fiye da rabi! Ya maigida, kai ka gama girma, ɗanka ne ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Abin kunya ne ka suɗe tsokar yana kallo, sannan ka zauna a majalisa kana kukan yaran yanzu ba su da ƙwari. Wannan laifin ba na gwamnati ba ne, namu ne.

Gyaran ba ya buƙatar jirgin ruwa. Ƙananan busassun kifi irin warangi na Kainji ana cin su da ƙashinsu, kuma a ƙashin sinadarin ƙarfafa ƙashi yake. A daka su a barbaɗa a faten tsaki mai rama ko yakuwa, a zuba a miyar kuka. Tarwaɗa a yi farfesunta ko a gasa. Bandar kifi a wanke da ruwan zafi a sa a miya ba tare da suya ba. Man da ya yi baƙi a zubar.

Masu farar riga da ke magana a waya kuma, ku ji tsoron Allah. Kafin ku ce wa talaka ya bar wani abu, ku tambayi abin da ke tukunyarsa da abin da aljihunsa zai iya saye. Iyayenmu mata, a ci gaba da sayen kifi, a rage mai da gishiri, a fara ɗiba wa yara kafin a kai wa maigida.