Jirgin Kano ya riƙa tsaya wa manoman rani

A Landan, inda aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya a 1863, akwai masu yankar tikiti ba don za su wani wuri ba, sai don su wuni suna sauka tasha-tasha suna kashe kwarkwatar ido. Abin dariya, a tsakiyar birnin taga ba ta nuna musu komai sai duhun rami. Mu da ke da abin kallo a sarari, mu ne ba mu da tagar.

Wanda ya ratsa Kura zuwa Bunkure a tsakiyar rani ya san zancen. Ko'ina ya bushe ƙayau, nan kuwa kore shar: ruwan dam ɗin Tiga, da aka kammala a 1974, yana bin magudanai har cikin gonaki, alkama na kaɗawa cikin hunturu, balbelu na bin mai huɗa, ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan suna jiran mota. Tsohon layin dogon da ya iso Kano a 1911 ta Madobi da Challawa ya bi, maƙwabtan Kura. Tunda an ƙaddamar da aikin sabon layin Kaduna zuwa Kano a 2021, ra'ayina shi ne a tanadi jirgi mai tsayawa a ƙananan tashoshin wannan yanki, da motocin da za su shiga da mutane gonakin Kadawa, kada duk jiragen su zama na manya masu sauri.

Za a ce yawon buɗe ido na ƙosassu ne, manomi taki yake nema. Gaskiya ne, amma tashar da ɗan makarantar Fagge zai sauka ya ga inda shinkafar tuwonsa ta fito, a nan ne za a loda tumatir kafin ya ruɓe a bakin titi, kuma mai kallo ba ya komawa gida hannu rabbana; sai ya sayi albasa, ya sayi rake. Maganar tsaro ta fi nauyi, don ba a manta da harin jirgin Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 ba. Sai dai wannan tafiya gajera ce, da rana tsaka, cikin ƙauyukan da ke jere da juna, inda tun asuba masu ban ruwa ke bakin gonakinsu.